Cukun da Ba Nawa Ba

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk wanda ya yi aiki da ni a ƙaramin gidan rediyon nan na Gure ya san haka. Idan na ga rashin gaskiya sai in ji kaina ya ɗau zafi, bakina kuma ba shi da birki. Da ina alfahari da wannan hali. Yanzu kam ban sani ba.

Mu biyu muke raba makirfo ɗaya. Ni nake karanta sanarwa da Hausa, in na gama sai in tura wa abokiyar aikina kujera ta karanta da Barbarci. Ta girme ni, ta kuma riga ni fara aikin, Yaya nake ce mata. Mijinta ya tafi arewa neman zinariya, tun ana samun saƙo har aka daina, ya bar ta da yara. Cigiya ita ce gwanintarta. Makiyayi zai taso daga Bune ko Alakos ya ce raƙuminsa ya ɓata, ta zaunar da shi ta tambayi launi da shaidar wuta, sannan ta faɗa a hankali kamar raƙumin gidansu ne. In dabba ta dawo, mai ita ya kan dawo da cuku ko dabino ƙunshe a gefen rawani.

Wata ranar kasuwa aka kawo mana sanarwa a kan dokar aiki, wadda ta ce aiki iri ɗaya albashi iri ɗaya, mace ko namiji. Kai, ranar na karanta da daɗi, har da buga tebur! Yaya ta karanta nata ba yabo ba fallasa. Da muka fito inuwa shan ruwa sai na ga tana dariya.

"Me ya ba ki dariya, Yaya?"

"Kai mana, ƙanena. Ka karanta kamar da gaske."

A wurinmu ba a tambayar mutum albashinsa, abin kunya ne. Amma na tambaya, ta kuwa faɗa. Wallahi ko rabin nawa bai kai ba. Na miƙe tsaye.

Ta kama bakin rigata. "Zauna. Don Allah ka rufa mani asiri, ka bar zancen nan a nan. Kaɗan ɗin da cukun mutane su ke riƙe da gidana. Na san darakta, kai ba ka san shi ba."

Na ce mata to. Na ce to da bakina. Amma washegari, da aka tara mu a biro, wato ofishin darakta, darakta ya yaba yadda na karanta sanarwar, sai kawai abin ya taso mani. Na ce, "Ranka ya daɗe, muna faɗa wa duniya doka, mu muna take ta a cikin gida?" Na fayyace komai a gaban kowa, har mai gadi yana leƙowa ta taga. Ya ce ai mace ce, miji ke ciyar da ita. Na ce wane mijin? Haba! Na tona abin da ita kanta ba ta taɓa faɗa a wurin aiki ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin lafayarta, ni kuwa ina jin kaina wani jarumi.

Darakta bai yi faɗa ba. Ya ce na yi gaskiya, doka doka ce, zai duba. Ƙarshen wata ya kira ta ya ce rediyo ba ta da ƙarfin biyan mutum biyu daidai, kuma ba zai ci gaba da saɓa doka ba, ya sallame ta. Sannan ya kira ni ya ce, "Ai mahaifiyarka Babarbara ce, ko? Kana jin yaren." Ya ce in haɗa duka biyun, zai ɗan ƙara mani.

Na yi ihu, na rantse sai na kai ƙara wurin sufeton aiki a Damagaram. Amma Yaya ba ta da kontira, wato takardar ɗaukar aiki a rubuce, da baki aka ɗauke ta. Na kwana ina tunanin matata da haya da yara ƴan makaranta a lakwal. Da safe na zauna a kujerar, na karanta Barbarcin.

Kwanan baya wani dattijo ya zo da cuku mai yawa, ya ce taguwarsa ta dawo, na mai cigiya ne. Ni ne na yi cigiyar, amma hannuna ya ƙi karɓa da daɗin rai. Na ɗauka na nufi tasha, inda Yaya take soya wainar gero yanzu, hayaƙi ya jajanta mata ido. Ƴar rediyo na rataye a jikin rumfarta, tasharmu ce a kunne.

Na gaishe ta, na ajiye cukun kusa da kwanon ƙullu. Na ce, "Naki ne, Yaya."

Ta dube shi, ta juya waina. "Ina jin ka kullum. Bakinka ya fara faɗawa da Barbarcin."

Ta ɗebo ƙullu ta zuba a tanda.

"An ƙara maka dai, ko?"

Na ce an ƙara.

"To madalla," ta ce. "Dokar ta yi wa wani aiki." Ta naɗe cukun ta miƙo mani, ta ce in kai wa yara, sannan ta tambayi wani direba waina ta nawa za a zuba masa.