'Yan Tsakin Ya Gumsu

Ni dai ban taɓa son kaji ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ga kashi a tsakar gida, ga tone-tone, ga tsoma baki cikin ƙullun ƙosaina. To sai Allah ya haɗa ni gidan haya ɗaya a Bolori da Ya Gumsu, dattijuwar da ta gudo daga Bama shekarar da garin ya faɗa hannun 'yan ta da ƙayar baya. Ba ta zo da komai ba sai zanen jikinta da wani kwano cike da dusa. Muka buɗe muna zaton guzuri ne, sai ga ƙwai a binne ciki. Na ce, "Haba Ya Gumsu, mutane na gudu da tabarma da tukunya, ke ƙwai kika ɗauko?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ari kazar maƙwabta mai kwanci ta zuba mata su.

Sai ranar ƙyanƙyasa na gane dalili. Ta ɗora ɗan tsako guda a tafin hannuna ta ce, "Rashida, dubi bayanta. Baƙin zane har wutsiya, ido kamar an ja mata kwalli. Wannan mace ce." Ta ɗauko wani mai haske kamar tokar murhu, da farin tabo a tsakar ka. "Wannan namiji." Ashe mijinta, Ba Kashim, tun yana saurayi yake haɗa kaji masu wake-wake da jajaye, yana yanka duk wanda launinsa ya kauce, har jinin ya zauna. Kajin kowa sai ka ci wahalar ciyar da su makonni kafin ka san na ƙwai da na cara. Nasa kuwa tun ranar fitowa daga ƙwai launi ya gaya maka.

A lokacin nan hanyoyin shiga gari duk sun toshe in ban da ta Damaturu, dusa ma ta zama abin nema. Wa zai ɓata tsakinsa a kan zakara? Matan unguwa suka dinga layi a ƙofarmu, kowace tana son mace. Ya Gumsu tana da doka ɗaya, wadda ta gada wurin mijinta: mace a ba kowa, namiji ba ya ƙetare ƙofa da rai. In zakaran titi ya hau kazar da ta bayar, 'ya'yan sai su fito barkatai. Namiji mai hasken tokar nan ba ya samuwa sai uwa da uba duk jinin gidan ne.

Shi Ba Kashim ba wanda ya san inda yake. Ranar gudu sun kai bakin gari tare, sai ya tuna ya bar akurki a rufe. Ya ce ba zai bar halittar Allah ta mutu da ƙishirwa a kulle ba, ta yi gaba, yana zuwa. Bai zo ba. Dangi suka matsa mata ta yi takaba ta huta, ta ce ba ta ga gawa ba. Ni ma da bakina na ce mata, "Mutum ya zaɓi kaji ya bar ki, kina jiransa?" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma da gaskiyarta.

Damina biyu ta wuce. Wata safiya ina kwashe ƙosai sai ga Agnes, maƙwabciyarmu mai ɗinki, da ɗan kwali a hannu tana murna. Ta ce, "Mama, kin hana ni namiji, to ga shi na samo a Kasuwar Kifi." Ya Gumsu ta leƙa kwalin. Ɗan tsako ne toka-toka, da farin tabo a ka. Ta ruga akurkinta ta duba, nata duk suna nan. Ta dawo ta ce, "Mutum biyu ne a duniya ke da wannan jinin. Ni ban saki namiji ba."

Agnes ta ce wani mai ɗaure kwalin kifi, Dzarma, shi ke kawo su. Na ce, "Ya Gumsu, tsaya. In wani ne ya kwashi kajin a gidanki na Bama da babu kowa fa? In wanda ya kawo su daga daji ya fito fa?" A kwanakin nan tambayar mutumin da ya daɗe a daji kan iya jawo maka abin da ba ka shirya ba. Ga kasuwanni, kowa na shiga da addu'a saboda bama-bamai. Ta ce, "In kina tsoro zauna." Ni da ba a gaya mini haka, na kashe wuta na bar ƙullu a buɗe, muka tari Keke Napep.

Abin da ban lura ba, ta sa ɗan tsakon a kwanon nan nata na Bama, ta rufe, ta rungume shi ƙarƙashin hijabi. Muna sauka a bakin kasuwa, 'yan gora masu binciken shiga suka hango tudu a ƙirjinta. Ɗaya ya daka tsawa, "Mama, tsaya nan! Kada ki matso! Ɗaga hannu!" Kan ka ce kwabo wurin ya watse. Masu tura baro suka zubar da kaya, mata suka ja 'ya'yansu. Ni bakina sai Innalillahi. Ita kuwa ta ƙi ɗaga hannu, don in ta ɗaga kwanon zai faɗi.

Na ce da ƙarfi, "Kaza ce! Wallahi ɗan tsako ne!" Wa zai yarda? Na ga wani ya gyara riƙon bindigarsa. Ya Gumsu ta durƙusa a hankali, ta zaro kwanon ta ajiye a ƙasa, ta ɗage murfin da ɗan yatsa. Shiru ya yi yawa har kowa ya ji kukansa, tsiyo, tsiyo. Mai tsawar ya sauke numfashi ya share gumi ya ce, "Mama, kin so ki kashe kanki, ki kashe mu da tsoro." Ta ba shi haƙuri. Ni ban ba kowa haƙuri ba, faɗa na yi ta yi mata har cikin rumfuna.

Muka sami Dzarma cikin warin banda yana ɗaure kwali. Ya Gumsu ba ta ko gaishe shi ba, ta miƙa masa kwanon ta ce, "Ɗana, wane ɓarawo ne ke fitar da namijin wannan jini kasuwa?" Ya dube ta, ya dubi ɗan tsakon, sai igiyar ta suɓuce masa. Ya ce, "Baba ya ce haka za ki zo. Da faɗa."

Ya ja mu ta wani lungu bayan kasuwa, yana ba mu labari a hanya. A wani ƙauye suka haɗu da tsohon, duk suna ɓoye. Da suka samu hanya, shi ya goyo shi har gari, ƙafafun tsohon sun riga sun mutu, amma ya ƙi sakin kwandon da ke da zakara da kaza. Ba shi da katin shaida, ba ya iya yawon cigiya, kuma yana tsoron jawo wa mai masaukinsa fitina. Sai ya ce duk namijin da aka ƙyanƙyashe a kai kasuwa, a ba duk wanda ya miƙo hannu.

A ƙarƙashin rumfar kwano muka same shi kan buhu, ya rame har ya koma kamar kara, kaji masu wake-wake na kewaya shi. Ya Gumsu ta tsaya cak a bakin ƙofa. Na zaci za ta faɗi, na riƙe ta. Ta ture hannuna ta ce, "Kashim. Kai da bakinka ka ce namiji ba ya ƙetare ƙofa."

Ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Wata shida ina sakinsu, Gumsu. Me ya tsare ki?"