Ranar da kwamfutocin abokina suka daina amsa mini

Shekarun baya, ban daɗe da dawowa gida daga aiki a ƙasashen waje ba, abokina ya buɗe wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta a Tudun Wada. Tsohon malamin makaranta ne daga kudancin jihar nan, tare muka yi firamare. Ana gobe masu duba wuri za su zo ya kira ni. Idan suka tarar saitin kwamfutocinsa talatin ba iri ɗaya ba ne, ba za su ba shi izini ba, ɗaliban da ya yi wa alkawari kuma sai sun tafi wani gari.

Na ce ya kwantar da hankalinsa. A Nairobi da Alƙahira na saba rubuta umarni sau ɗaya, in tura ta intanet, na'urori su saita kansu ina shan shayi. Sai na miƙe ƙafa a falona a Gabukka na fara turawa.

A kwamfuta ta bakwai sabis ɗin intanet ya ɗauke. Ya dawo, na sake turawa. Can umarnin ya kai inda yake canza wa kowace kwamfuta adireshi, ni kuwa na manta ta tsohon adireshin nake magana da su. Ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, aiki rabi da rabi.

Na kira shi ina ta bayani, Hausa na ƙarewa ina cikawa da Turanci.

"Alhaji," ya ce, "daga gidanka zuwa nan ƙasa nawa za ka ƙetare?"

"Malam, ba ka gane ba ne. Haka ake yi yanzu."

"Na gane sarai. Hau keke napep ka zo, na aika a sayo mana masa da miya."

Na je. Layi ɗaya na canza a cikin umarnin, yadda kowace kwamfuta za ta karanta ta gyara kanta ba sai ta jira kowa ba. Na zuba shi a filash biyu da duk abin da yake buƙata. Na ɗauki kwamfutocin layin dama, shi na hagu, tabarau a kan hanci yana soka filash kamar mai yi wa yara allura. Kafin la'asar mun gama. Washegari aka duba, aka sa hannu.

Har yau ina aiki daga nesa idan na'urar tana nesa da gaske. Amma duk lokacin da na tuna ranar sai in ɗan ji kunya. Ba sauƙin aiki nake nema ba, so nake abokina ya ga na zaga duniya. Shi kuwa kwamfutocinsa kawai yake so su tashi.