Ni Na Koya Wa Ɗiyata Ɓuya Daga Jandarma

Ina yi wa edita da masu karatu sallama. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni za su gane ni tun daga layin farko, sauran kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. A shekarun da nake ba ku labari ni ɗan kasuwa ne, mutumin Damagaram, mai butikin kayan masarufi a Tamanrasset. Na haura arba'in, takarduna cikakku, ina zaune da iyalina a unguwar Tahaggart, ina da ƙaramar mota da na saya da gumina. Kuma ni mutum ne da ba a gaya masa. Idan ka ce mini in bi dama, ko da can dama zan bi, to don ka faɗa sai na karkata hagu. Wannan halin ne ya ci idon ɗiyata, kuma abin da ya sa nake rubuto muku ke nan.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina, bayan mun daɗe muna jira. Tana da shekara huɗu a lokacin, ga surutu, ga rigima, duk inda na sa ƙafa nan take sa tata. Da na ɗauki makullin mota ta riga ni bakin ƙofa. Wurin zamanta tsakanin gwiwoyina ne, a tsaye, ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana ƙarar mota da baki. Ina jin daɗin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Idan muka wuce ta gaban fadar da muke shan shayi da 'yan'uwa 'yan kasuwa, sai su ɗaga hannu suna kiranta ƙaramar direba, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Maɗaurin nan na kujera da muke ce wa santir, tun ranar da na sayi motar na maƙala shi ta bayan gadon bayana don na'urar ta daina yi mini kuka a kunne, a kansa nake zama. Haka kusan kowa yake yi a cikinmu. In an hango jandarma sai a jawo igiyar ta saman kai a sauke ta a ƙirji, daga waje ka rantse mutum a ɗaure yake.

Wata maƙwabciyarmu Buzuwa, da yaranta suka girma, ta aiko wa maiɗakina kujerar yara ta mota, irin wadda ake ɗaurawa a baya. Maiɗakina ta wanke ta, ta shanya, ta roƙe ni in sa a mota. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata ni a bayan a-kori-kura na girma, a kan buhunan gero, kuma ga ni da raina, ba zan ɗaure ɗiyata kamar akuyar da za a kai kasuwa ba. Na ɗauki kujerar na kai butiki na ɗora a saman kanta, na riƙa cusa ledoji a cikinta. Duk wanda ya tambaye ni mece ce wannan sai in ce gadon sarautar 'ya'yan Turawa ne, a yi ta dariya.

Ran nan da hantsi, a mafitar gari, wani jandarma ya tsayar da ni. Dogo ne siriri, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Yarinya tana tsaye a inda ta saba. Ya dube ta, ya dube ni, ya miƙo hannu ya ja igiyar da ke ƙirjina, ya ga inda ta bi. Da Larabci ya gaya mini cewa doka ta hana a ɗauki ƙaramin yaro a gaba, balle a kan cinyar direba. Ya ƙara da cewa a yadda na ajiye ta, in na taka birki da ƙarfi ita ce matashin da zai shiga tsakanin ƙirjina da sitiyari, ya tambaye ni ko don haka na haife ta. A gaban matata ya faɗi wannan. Ya rubuta mini tara, ya karɓe takardar tuƙina, sai da na yi ta zirga-zirga a buro, wato ofishinsu, kafin ta dawo hannuna.

Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani. Tarar ba ta dame ni ba kamar tambayar. A fada na yi ta faɗa cewa don ya ga ni baƙo ne, baƙar fata, shi ya sa ya wulaƙanta ni, ai ga 'yan ƙasa nan suna wucewa da yara a cinya. Abokaina suka ce ƙwarai kuwa, kowa ya kawo nasa labarin, muka zage jandarmomin tas muka sha shayi. Baƙo yana ganin abubuwa a garin nan, wannan ba ƙarya ba ne, kuma na ga rabona. Amma a wannan ranar mutumin gaskiya ya faɗa mini, ni kuma na ɗauki gaskiyar na cusa ta cikin buhun wulaƙancin da aka taɓa yi mini don kada in kalle ta.

Maimakon in sauko da kujerar daga saman kanta, sai na ƙirƙiro dabara. Na mai da yarinyar kujerar gaba ta gefena, na koya mata wasa. Na ce mata jandarma mugaye ne, suna ƙwace yaran da suka gani a mota, don haka da ta ji na ce jandarma sai ta zame ƙasa, ta dunƙule a wurin ajiye ƙafa, ta rufe ido, kada ta motsa sai na ce ta fito. Muka yi ta gwadawa a ƙofar gida. In ta yi da sauri in ba ta alewa. Yarinya ce mai kai, cikin kwana biyu ta fi ni iyawa, har takan riga ni hango shingen jandarma. Sau da yawa mun wuce mutumin nan nawa, ni da igiyar ƙarya a ƙirji, ita a dunƙule a ƙasa na jefa mata sallaya a kai, in mun wuce mu tafa muna dariya. Maiɗakina ta ce mini abin da nake yi ba shi da kyau, ina koya wa yarinya ƙarya da tsoro a lokaci guda. Na daka mata tsawa na ce ta bar ni da ɗiyata, in ta ƙara magana za ta riƙa zama a gida.

Wata Juma'a da safe muka kama hanyar Silet. Wani mai lambu da nake sayen dabino a wurinsa aka yi wa haihuwa, ya gayyace mu suna. Maiɗakina tana baya da jaririnmu a hannu, ta ɗaura santir ɗinta kamar yadda ta saba, har na yi mata ba'a a kan haka. Ta nemi yarinyar ta dawo baya kusa da ita, yarinyar ta fashe da kuka, na ce a bar ta. Tana gaba cikin sabuwar riga ruwan goro, da lalle a hannu. Hanya ta miƙe, babu kowa, na taka mota sosai don mu isa kafin a yanka rago. Mun yi nisa sai wata mota kat-kat da ke tahowa ta haska mini fitila sau biyu. Duk direba a nan ya san wannan, shinge ne a gaba, bayan kwana.

Na ce jandarma. Ta zame ƙasa nan take, amma sabuwar rigar ta maƙale a jikin kujera, kanta bai shige sosai ba. Na sa hannun dama na danna kanta ƙasa ina ce mata ta ƙara shiga. Da hagu na jawo igiyar ta saman kaina, igiyar ta ture hulata ta rufe mini ido. Ku tsaya ku ƙirga hannuwan da suka rage a kan sitiyari. Da gwiwa nake tuƙi, ido a rufe, da iyalina gaba ɗaya a cikin mota. Ihun maiɗakina ne ya sa na fizge hular, na ga raƙuma sun fito daga ƙorama sun cika kwalta. Na murɗa sitiyari, na taka birki, motar ta sauka daga hanya ta daki dutse da gefen da yarinyar take.

Ni ƙirjina ya bugi sitiyari, haƙarƙari biyu suka karye, igiyar ƙaryar nan ba ta riƙe komai ba. Maiɗakina da jariri, Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane babu, santir ya riƙe ta ita kuma ta riƙe jaririn. Yarinyar kuwa gaban motar ya lotsa ya matse ta a ramin da ni na saka ta. Ban ji kukanta ba, kuma shirun nan har yau yana kunnena. Shingen yana kusa, sun ji ƙarar, suka rugo. Wanda ya fara isowa shi ne dogon nan mai furfura. Ya leƙa ya ga mu uku, sai da maiɗakina ta nuna masa ƙasa tana ihu sannan ya gane akwai mutum na huɗu. Shi da abokan aikinsa suka ɓalle ƙofar da ƙarfe, ya durƙusa ya jawo ta a hankali. Fuskarta duk jini. Ta buɗe ido ɗaya ta ga kakinsa, sai ta fara fizge-fizge da ɗan ƙarfin da ya rage mata, tana ƙoƙarin komawa cikin ramin. Ya dube ni sau ɗaya. Na jira ya zage ni, na so ma ya zage ni. Sai kawai ya rungume ta ya ruga da ita motarsu.

An yi mata aiki a asibiti. Likita ya ce ƙashin fuskarta zai haɗe, hannun ma zai warke, amma idon hagu ya tafi. Kwana biyu ba ta yi magana ba. A rana ta uku ina zaune a bakin gadon, maiɗakina tana ɗaya gefen ta juya mini baya, yarinyar ta kira ni Baba da wata 'yar siririyar murya. Na sunkuya. Ta ce in yi haƙuri, ta ɓuya sosai, rigar ce ta hana ta, shi ya sa jandarman ya gan ta. Ta tambaye ni ko na yi fushi da ita, ko kuma ba zan ba ta alewa ba. Na fita waje na zauna a ƙasa, ni da gemuna, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

'Yan fada sun zo dubiya, kowa yana cewa ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba makawa. Na yi imani da ƙaddara, amma na kori mutum biyu daga ɗakin a ranar, kuma ban yi nadama ba. Allah ne Ya kawo raƙuma hanya, amma hannun da ya danna kan yarinyar nan hannuna ne, ina ganinsa kullum in zan ci abinci. Waɗannan mutanen da suka zo yi mini wa'azi, a bakin asibitin na ga motocinsu, kowace da santir a maƙale ta baya. An kai ni gaban hukuma, an karɓe takardar tuƙina na wani lokaci, ban buɗe baki na yi gardama ba. Maiɗakina ta yi wata uku ba ta haɗa ido da ni ba. Tana nan, ba ta tafi ba, amma akwai wata dariya da take yi mini a da wadda ban sake ji ba. Jandarman kuwa ba zan ce ina ƙaunarsa ba, ƙarya zan yi. In na hango shi nakan kau da kai, domin shi kaɗai ne ya gaya mini tun kafin abin ya faru, kuma shi ya ɗauke ta daga inda na jefa ta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka ina yi wa jandarma wayo ne, alhali shi ba abin da ya rasa, albashinsa yake ci ko na ɗaura ko ban ɗaura ba. Ku da kuke zaune a kan santir, ku da kuke ɗora yaro a cinya kuna jin daɗi ana ce masa ƙaramin direba, ku da kuke haska wa juna fitila kuna ganin zumunci kuke yi, da ku nake, kuma ba da murmushi nake faɗa ba. Ku ji haushin hukuma in kuna so, ni ma ina da nawa haushin, amma kada ku rama a kan 'ya'yanku. Ku mai da yaro baya, ku nemi kujerarsa, ku ɗaure shi ko zai yi kuka daga nan har Agadas. Kukan zai ƙare in kun isa.

Ɗiyata yanzu tana zuwa lekkol. In malama ta yi rubutu a allo sai ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta gani, yara kuma ba su da tausayin baki. Kujerar da na cusa wa ledoji ƙanenta ne yake zama a ciki, ita kuma tana gefensa a ɗaure. Na gaya mata sau ba adadi cewa ƙarya na yi mata, jandarma ba sa ƙwace yara, har ma ɗaya daga cikinsu ne ya cece ta. Takan ce ta gane. Amma makon jiya muna zuwa shinge na duba madubi, na ga tana zamewa ƙasa a hankali, santir yana riƙe ta, ta rufe idon da ya rage mata.