Dariyar da Babu a Hoton Fasfo

Abin da ya fara ɗaukar idona a Guangzhou fuskar wata tsohuwa ce a tagar wani shago. Na zaci hoto ne, sai da na matsa na ga sawun burushi. Hannuna ya kai aljihu, inda hoton matata marigayiya Binta yake.

Daga Kano

Da asuba na fito, 'yarmu Ummi na barci a ɗakin kakarta. Leshi na ce zan saro, amma ba shi kaɗai ya tashe ni ba. Hoto ɗaya Binta ta bari, na fasfo, ta haɗe rai kamar an ci ta tara. Ni kuwa dariyarta na aura, ga shi ta fara ɓace mini. A littattafan soyayyar da na taso da su masoyi ba ya mantuwa. Ni a jirgi na rufe ido na neme ta, na rasa.

Titin Huanshi

Habu, ɗalibi ɗan Maraɗi, shi ne mai masaukina kuma tafintana.

"Yaya Sale, kwantena na jira a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, kai kana leƙen tagogi kamar mai neman aure!"

Na ja shi cikin shagon. Samari ne a jere, waya a hagu, burushi a dama, suna kwafe hotuna. Na nuna hoton Binta, na ce a zana ta tana dariya.

"Meyo," in ji mai shago, wato babu. In kawo hoton dariya, a zana dariya.

Titin Liuhua

Shago bayan shago, meyo. Wani ya karɓa, ya liƙa mata haƙoran tallar man goge baki. Taliyar rana ma kasa ci na yi. Mai taliyar ce ta kwatanta mana wani tsoho, Liang, a saman bene.

Da muka hau, tsohon ya dubi hoton, ya kife shi a tebur.

"Wai kakan kakansa matuƙan jirgin ruwa yake zanawa, su kai wa matansu," in ji Habu. "Da kyamara ta zo, layi ya koma ƙofar mai hoto. Wasu suka koma kwafe, wasu suka koma zana abin da kyamara ba ta kamawa. Ya ce me ke ba ta dariya?"

"Ni. In ina karanta mata littafi, nakan kwaikwayi muryar budurwar."

"Ya ce yi."

"A nan?"

"Bismillah, amarya!"

Na ƙanƙance murya na fara. Habu ya riƙe ciki. Sai ga Binta a idona: ta ja bakin mayafi ta toshe baki, idon hagu ya kusa rufewa. Na siffanta musu ita da sauri kada ta gudu. Tsohon ya ɗauki burushi.

Da na koma karɓa, babu baki a zanen sam. Mayafi ne da ido biyu, kuma duk ɗakin dariya yake. Allah Ya saka wa Habu da tsohon nan.

Gida

Na sauka Kano lafiya, leshi ya biyo ruwa, zanen kuwa a cinyata ya zo. Na rataye shi a ɗakin Ummi.

Bana ta gama sakandare. In abu ya ba ta dariya, sai ta ja bakin mayafi ta toshe baki, idon hagu ya kusa rufewa. Ban sani ba ko a jini ta gada, ko a bango ta koya.