Yaya Mamman da Tukwanen Tsami

Duk wanda ya san Yaya Mamman ya san ba ya wuce dutse bai lasa ba. Ana tsakiyar gaisuwa sai ya duƙa ya ɗauka, ya kai baki, ya ce, "Wanga banza na." Ni ƙanwarsa ce, na sha kunya har na gaji.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ya dawo Birnin Kebbi daga haƙar ma'adinai a Filato. Kowa ya zo da keke ko rediyo, shi kwalbar jan ruwa ya rungumo. Wai wani Bature ya gaya masa akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, masu cin dutse su bar ƙarfe. Ya jera tukwane a bayan gidanmu na Nasarawa, ya cika su da korayen duwatsun da fatake suka kawo masa daga Zamfara, ya zuba jan ruwan a kai. Kullum da safe sai ya gaishe su.

Matarsa Inno ta ce, "Malam, ni ba ka gaishe ni ba, sai tukunya?"

Ya ce, "Ke kina amsawa da baƙar magana. Su ko aiki sukai, shiru."

Abin da ya ci shi kuwa ɗanɗano ne. Halittun nan wai sai da tsami suke aiki, shi kuma da harshe yake aunawa, kamar mace a bakin tukunyar kunu. Tsamiya ta kasa, sai ya koma roƙon ruwan batir wurin abokinsa Bulus makanike. Bulus ya ce, "Mamman, don Allah kada ya taɓa bakinka. Riga ma yake ci."

"Awo, to ni riga ce?"

Haƙoransa suka fara zuba. Na yi masa faɗa har da kuka, sai ya buɗe min dasashi yana dariya: "Tuwon shinkahwa mi shika yi da haƙori?" Kai, Yaya!

Daga baya tuwon ma ya daina wucewa, maƙogwaro ya ƙone, sai kunu a cokali. Muka kai shi Argungu gidan kawunmu don a raba shi da tukwanen. Kwana huɗu sai ga shi a kan jakin masu albasa, ya rame kamar kara. Da ƙyar muryar ta fito: "An bar ma'aikata ba mai gida."

A damina ta uku da dawowarsa daga Filato magana ta ɗauke gaba ɗaya. Yana kwance ya yi ta nuna min tukunyar ƙarshe. Na sa itace na tono wata ƙusa da ya jefa ciki, sai ga ta jawur, jan ƙarfe ya lulluɓe ta. Wallahi, ashe ba hauka yake ba.

Na kai wa maƙeri. Ya kankara da wuƙa ya ce, "Jan ƙarfe na, amma bai kai kaurin ɓawon albasa ba."

Da na dawo Yaya ya kafe ni da ido. Na ce, "Ya ce jan ƙarfe ne." Sauran na haɗiye. Ya damƙe ƙusar, kuma da ita a hannunsa ya cika bayan kwana biyu.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya shayar da kai ruwan Alkausara mai sanyi, ni kuma Ya yafe min rabin maganar da na ɓoye maka.