Ranar da Yaya Kyari Ya Kai Mu Bakin Iyaka

Shekara ashirin ke nan da aka kai yayana, Malam Kyari, makwancinsa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni Falmata ce auta, a wani gidan Barebari cikin Birni, nan Damagaram. Tarihi da labarin ƙasa yake koyarwa a kwalej, kuma Allah ya sa na zauna a ajinsa. Duk shekara in wannan wata ya kama, ba doguwar jinyarsa ce ke fara faɗo mini ba, sai wata tafiya ta yini guda.

Shekarun fari ne. Mutanen Hamdara da Dakusa, da muka saba gani suna shigo da gero a kan jakuna, sun koma shigowa hannu wofi. A ƙauyuka mata na tona gidan tururuwa don neman ƙwaya. Daga arewa kuma Buzaye da Bararo suka kwararo bayan dabbobinsu sun ƙare, wasu suka yada zango a bayan gari, wasu suka nausa kudu.

Wata rana a aji wani ɗalibi, Sani, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe mutanen nan za su koma dajinsu? Sun cika mana gari." Aka yi dariya. Yaya bai yi faɗa ba, ya dai ajiye alli. Bayan 'yan kwanaki ya roƙi aron kamyo, babbar motar kaya, wurin wani abokinsa ɗan kasuwa, ya bi iyayenmu gida-gida, ya loda mu sai Ɗan Barto, bakin iyakar Nijeriya. Ya ce gani ya kori ji.

Waƙa muke yi da muka fita gari. Kafin mu kai Matamaye ta mutu a bakinmu, saboda mushen shanu da ke zube hagu da dama. A iyaka muka tarar da jama'a a gindin itatuwa, nesa kaɗan da ofishin duwan, wato kwastan, marasa takarda suna jiran hanya ta samu. Umarni ɗaya Yaya ya ba mu: mu yi sallama, mu zauna ƙasa, mu saurara.

Wanda ya karɓe mu wani dattijon Buzu ne daga Damargu, sunansa Alhusaini. Rawaninsa ya rufe baki, amma Hausarsa tas, don ya tashi cikin ayari. Ya ce kakansa ya sha kai gishirin Bilma har Kano ta wannan hanya, ba wanda ya taɓa tare shi. Shi ma da raƙuma ya saba wucewa nan, yau ga shi da ƙafa, ana tambayarsa takarda. Ya rubuta mana sunansa a kan rairayi da baƙaƙen Buzaye, mu da muke zaton rubutu biyu ne a duniya, na allo da na lakwal, wato boko. Matarsa kuma ta ja mu 'yan mata cikin bukkarta ta tabarmi, ta ce a wurinsu ɗaki na mace ne, da shi ta zo aure, da shi za ta ƙetare.

Muna cikin haka muka ga ɗan dattijon ya kwance akuyar da ke ɗaure a gindin bukka. Ita kaɗai ta rage musu. Yaya ya miƙe da sauri.

"Baba, don Allah a bar ta. Mun zo da guzurinmu."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, fari ya cinye mini raƙuma, na haƙura, don na Allah ne. Kai kuma so kake a ce baƙi sun sauka wurina sun tashi haka nan? Bar mini wannan ɗaya."

Yaya ya koma ya zauna. Aka yanka, aka gasa, muka ci, kowace loma kamar dutse. Sani ya riƙe tsokarsa yana hawaye, dattijon na ce masa, "Ci, yaro, ci." Da za mu tashi Yaya ya sa aka sauke buhun geron da muka zo da shi a bayan bukka, ba tare da an ce komai ba. Ko sun ƙetare, ko sun ga damina, har yau ban sani ba.

Tafiyar ta jawo masa. Manyan gwamnati ba sa son a yi zancen yunwa a lokacin, aka ce ya kai yara kallon abin da bai shafe su ba. Shekarar ba ta ƙare ba aka tura shi wata makarantar ƙauye, kuma bai sake hawa wani muƙami ba har ya bar aiki.

Yau nakan tsaya kusa da tasha in ga motoci cike da matasa sun doshi Agadas, in ga matan ƙasar Kance da goyonsu an maido su daga Aljeriya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yanzu namu ne ke zaune a iyakar wasu, ana cewa sun cika gari. Me Yaya zai ce? Ina jin ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambayi malaman yau ko sun taɓa kai ɗalibansu tashar nan, da ba ta buƙatar ko kamyo.

Bai bar gida na kansa ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari mu ne, 'yan ajin nan da furfura ta kama. Akwai malamai cikinmu, akwai 'yan kasuwa, akwai ungozoma, halinmu ya bambanta, amma ban san ko ɗaya da ke iya wuce baƙon da ya rasa masauki ba tare da ya tsaya ba.

A jinyarsa ta ƙarshe na tambaye shi ko ya yi da-na-sanin tafiyar da ta tsayar masa da aiki. Ya ce, "Na yi, Falmata. Motar ta yi ƙanƙanta. Aji ɗaya kawai ta ɗauka."

Allah ya yalwata maka kabari, Yaya, ya karɓe ka karɓar baƙon da aka daɗe ana jira.