Sun Gasa Kundin Alhaji Garba

Shekara goma ke nan da rasuwar Alhaji Garba, aminina kuma abokin ɗakina a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma na so in rubuta wannan waiwaye da sanyin rai. Ban samu sanyin ba. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da saurin fushi. Da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna ina haɗa baƙi da wasali har na iya rubuta abin da kuke karantawa. Amma abin da na gani a gidan marigayin makon jiya ya hana ni cin abinci.

A ƙarshen shekarun casa'in muna zaune a wani masauki a bakin titin Huanshi, mu 'yan Kano da 'yan Maraɗi da mutanen zangon Ghana. Ba mu da yawa a lokacin, kowa kuma kaya ya zo saye. Garba ma ɗan kasuwa ne, sai dai yana da wata ɗabi'a da ta zame mana abin tsokana. Ba ya yar da takarda. Tikitin jirgi, guntun shadda da aka ba shi samfur, hoton duk baƙon da ya sauka a masaukin, takardar faks da aka aiko daga gida cewa an haihu ko an yi rasuwa, duk yana jera su a wani babban kundi mai baƙaƙen shafuka. A ƙarƙashin kowane abu sai ya rubuta suna da gari da alƙalami mai farar tawada.

Kayan aikinsa a gwangwanin biskit suke. Almakashi biyu, ɗaya na yanka miƙe, ɗaya mai haƙora da ke barin gefen takarda kamar bakin zarto. Reza, rula ta ƙarfe, da hantsaki, don bai yarda yatsa ya taɓa fuskar hoto ba. Gam ba ya zuwa kusa da hoto. Wasu 'yan aljihuna na takarda yake liƙawa a shafi, yana kiransu kusurwa, sai ya zura kunnuwan hoton huɗu a ciki. Salatif kuwa ya tsane shi, ya ce yakan yi ja ya cinye fuskar mutum. Tsakanin shafi da shafi yana sa takarda shara-shara.

Na sha raka shi shagon wata mata mai sayar da kayan rubutu. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ya haɗa yatsu ya nuna mata kusurwa, ta ce "meyo", wato babu, ya yi godiya ya tafi, washegari ya koma. Da ta gaji da ganinsa sai ta fara saro masa.

Issufu ɗan Maraɗi ne ya fi kowa damunsa. "Alhaji, mutane suna tashar jirgin ruwa ta Huangpu suna loda kwantena, kai kana nan kana loda tikitin bas."

"Kwantenarka tana isa gida za ta watse, Issufu," in ji Garba. "Gyara hularka in ɗauke ka, ko 'ya'yanka sa ga ka taɓa yin kyau."

Takardar faks ita ya fi lallaɓawa. Ya ce ba ta son rana, ba ta son zafi, ko kofin shayi ba ya bari a ɗora a kan kundin. Ranar da faks ta zo cewa matarsa Hajiya Rabi ta haifi namiji, ni ne a gefensa. Ban iya karatu ba a lokacin, shi ya karanta mini, ya sake karantawa, sannan ya wanke hannu ya ba ta shafi guda ita kaɗai.

Yaron nan shi ne Nasiru, wanda yanzu yake riƙe da gidan. Makon jiya ya tara mu abokan mahaifinsa a yi addu'a, bayan an shafa ya ce yana da abin da zai nuna mana. Kundin Garba biyu ne. Na farkon ya fito da shi, ya warware ɗinkinsa, ya kai shago an yi wa kowane shafi lamineshan, wato inji ya manne shi cikin leda. Yana ta sheƙi. Dattawa suna miƙa wa juna suna sa albarka, babu wanda ya tsaya ya duba abin da ke cikin ledar.

Ni na duba. Injin nan da zafi yake manne leda. Duk inda takardar faks take ya zama baƙi ƙirin, ba harafi ko ɗaya. Hotunan nan-take, waɗanda kyamara ke fitarwa da an ɗauka, sun kumbura sun yi ƙuraje, fuskar Issufu, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ta narke ta haɗe da hularsa. Na nemo shafin haihuwar Nasiru. Yau da na iya karatu, ga takardar a hannuna, babu abin karantawa.

Ban ce yaron ya yi da mugunta ba. Ɗabi'armu ce, kuma ita nake jin haushi. Duk abin da muke ƙauna sai mu garzaya a rufe shi da leda a gasa, takardar makaranta, takardar fili, hoton kaka, ba mu tambayi ko abin zai jure wuta ba. Muna son abu ya yi ƙyalli fiye da mu zauna mu kula da shi. Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da zamanin da kowa ke da hotuna fal waya, ba ya kuma iya nemo na ubansa a ciki. Ina jin wayar ba za ta dame shi ba. Gaggawar ce za ta dame shi.

"Gobe zan kai na biyun," in ji Nasiru.

Na ce, "Ba za ka kai ba."

"Baba, don ya daɗe na yi. Takarda ce fa, gara za ta ci."

Na nuna masa baƙin shafin, na gaya masa ko mene ne. Ya kalle shi, sannan ya ce ai ko ba komai an tsare sauran. Nan muryata ta tashi a gidan mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ana ba ni haƙuri, sai aka ɗaga labulen cikin gida. Hajiya Rabi ce, da kundi na biyu naɗe a zaninta. Ba ta dubi ɗanta ba. Ta ce, "Malam Sabo, tafi da shi."

Nasiru ya biyo ni har ƙofar gida. "Baba, a wurinka ma lalacewa zai yi."

Na ce, "Zai lalace. Amma a hankali."

Iyakar abin da Garba ya nema ke nan. Bai taɓa cewa takarda za ta dawwama ba, ya dai ƙi ya zama shi ne zai hanzarta ta. Rabin aikinsa ya ƙone a hannun masu ƙaunarsa, rabi yana cikin akwatina, kuma ban huce ba tukuna. Allah ya jiƙanka, Garba, ya sanyaya makwancinka, ya ba ni ikon sake gaisawa da ɗanka da sakin fuska.